Kawuna na son musayar BMW Z3 ɗinsa da sabuwar Z4, ni kuma na ce ya dakata

Watan jiya na je Abuja ɗora wa wani shago manhajar lissafin kaya, na sauka a gidan kawuna. Bayan sallar isha'i ya kira ni gareji, ya yaye tamfol ɗin da ke rufe da motarsa, ya ce, "Kai da ka san kwamfuta, zo ka ba ni shawara. Wani dillali ya kawo min Z4 'yar 2021. Zai karɓi wannan, in yi masa ciko."

Na tambayi nawa ne cikon. Da ya faɗa min, sai na gane ba daga aljihu kuɗin zai fito ba. Filinsa na gida zai sayar.

Motar da ake magana BMW Z3 ce 'yar 1998, mai kujera biyu, da rufin da ake naɗewa baya, da giyar hannu, da inji mai silinda shida lita 2.8. Tokumbo ya saye ta daga Amurka tun ina firamare. Irinta ce James Bond ya tuƙa a fim ɗin GoldenEye na 1995, kuma a jihar South Carolina ta Amurka aka riƙa ƙera ta har zuwa 2002. Ba da ita yake zuwa aiki ba. Ranar Asabar da yamma yake fito da ita, ya zaga gari, ya dawo ya goge ta da kansa.

Bari in faɗi gaskiya tun da wuri: ni ba ni da mota. Babur da kwamfutar tafi-da-gidanka su ne dukiyata, kuma rubuta manhaja ma a YouTube na koya da datar dare. Ba zan koya wa kowa tuƙi ba. Amma tambayar da Kawu ya yi min, a ganina, ta fi kusa da sana'ata fiye da sana'ar direba, kuma irinta ce kake yi wa kanka duk ranar da ka tsaya a Farm Centre ko Banex da tsohuwar wayarka a hannu, mai shago yana faɗa maka ciko.

Na ce masa, "Kawu, kada ka sayar." Ga dalilina.

Da farko a ba sabuwar haƙƙinta, domin ba ƙaramar mota ba ce. Z4 M40i na da inji lita 3 mai turbo, wanda samfurin Amurka ke ba da ƙarfin doki 382, ita kuwa ta Kawu 189 take da shi. Daga tsaye zuwa gudun kilomita 100 a awa, tsohuwar na cin wajen daƙiƙa bakwai, sabuwar ba ta kai biyar ba. Akwai babban allo, akwai kyamarar baya, akwai Apple CarPlay. Masu buga Forza za su so jin wannan: ita da Toyota Supra da ta dawo a 2019 'yan ciki ɗaya ne, ƙashin jiki ɗaya, inji ɗaya, kuma masana'anta ɗaya ce ta haɗa su a birnin Graz na ƙasar Austriya. Idan tambayar ita ce wacce ta fi gudu, magana ta ƙare.

Sai dai ni ba wannan na tambayi Kawu ba. Cewa na yi, shekara goma sha biyar nan gaba, idan wani abu ya lalace a cikinta, izinin wa za ka nema kafin a gyara?

Ka tuna BlackBerry? Akwai lokacin da in ba ka da lambar BBM ba ka shigo gari ba. A watan Mayun 2019 aka rufe BBM na jama'a, sannan ranar 4 ga Janairun 2022 kamfanin ya kashe sabis ɗin da tsofaffin wayoyinsa suka dogara da shi. Wayar da ke cikin durowarka ba ta fashe ba, allonta bai tsage ba, madannanta na nan lafiya. Wata kwamfuta ce a wata ƙasa aka kashe, ita kuma ta zama kayan tarihi. Haka WhatsApp ya yi a watan Oktoban 2023, da ya daina aiki a wayoyin da ba su kai Android 5 ba. Hatta manyan kamfanoni irin su Google a kan Pixel 8 da Samsung a kan Galaxy S24, shekara bakwai suka ce za su yi suna turo sabuntawa, kuma muka yi ta tafa musu.

To shekara bakwai a rayuwar mota me ce ce? A Amurka, matsakaicin shekarun motocin da ke kan titi ya haura goma sha biyu. A nan kuwa, sau da yawa motar da ta shekara goma ita ce muke kira sabuwa. Motar Kawu ta haura ashirin da biyar, kuma da murɗa makulli ɗaya take tashi.

Wannan ba hasashe ba ne, ya riga ya faru da motoci. A shekarar 2022 kamfanonin sadarwar Amurka suka kashe 3G, AT&T a watan Fabrairu, Verizon a ƙarshen Disamba. Motoci masu yawa na kamfanoni daban-daban da wannan layi suke magana da duniya. Rana ɗaya kiran gaggawa na kai-tsaye idan an yi haɗari, da buɗe ƙofa ta waya, da gano inda mota take idan an sace ta, duk suka daina aiki, har a motocin da ba su cika shekara biyar ba. Wasu kamfanonin sun ba da gyara, wasu sun ce sai haƙuri. A 2024 kuma kamfanin motocin lantarki na Fisker ya durƙushe, sai da masu motocin suka kafa ƙungiya da kansu suna neman yadda manhajar motocinsu za ta ci gaba da aiki.

Ba cewa nake sabuwar Z4 za ta tsaya cak ranar da aka kashe wata na'ura a Jamus ba. Za ta ci gaba da tafiya. Abin da zai tafi shi ne wani ɓangare na abin da ka biya kuɗi dominsa. Kuma ga mai sayen motar da aka ƙera don kasuwar Amurka ya kawo ta Abuja, sai ya tambayi dillali tun yanzu: wannan maɓallin kiran gaggawa da ke saman kaina, idan na danna shi a hanyar Keffi, wa zai amsa?

Sannan akwai maganar haya a cikin abin da ka saya. A tsakiyar 2022 BMW ta fara karɓar kuɗin wata-wata, kimanin dala 18, kafin ta kunna ɗumama kujera a wasu ƙasashe, alhali wayoyin ɗumamar suna cikin kujerar tun daga masana'anta. Mutane suka yi ca, a watan Satumban 2023 ta janye. A ƙarshen 2022 Mercedes ta sa dala 1,200 a shekara ga mai son a sakar masa cikakken ƙarfin wasu motocinta na lantarki a Amurka. Mu da muke fama da zafin Afrilu babu ruwanmu da kujera mai ɗumi, na sani. Abin lura shi ne ƙofar da aka buɗe. Ni mai rubuta manhaja ne, na san abin da ake nufi da kulle wani aiki a bayan layi ɗaya na lamba, domin ni ma ina yi wa masu shagon da ba su biya ba. Duk abin da ake iya kunnawa daga nesa, ana iya kashe shi daga nesa.

Yanzu ga abin da ya faru a garejin a daren. Fitilar inji na kunne a gaban sitiyari, kuma ita ce ma ta fara sa Kawu tunanin rabuwa da motar. A jakata akwai wata 'yar na'ura mai suna ELM327, ba ta kai akwatin ashana biyu ba, mai haɗuwa da waya ta Bluetooth. Tun daga samfurin 1996, dokar Amurka ta tilasta wa duk motar da za a sayar a can ta zo da wata kafa mai baki goma sha shida da ake kira OBD-II, wadda kowace na'urar bincike za ta iya karantawa, ba sai ta kamfani ba. Na soka na'urar, na buɗe manhajar Torque a wayata, sai ga lamba: P0304. Ma'anarta silinda ta huɗu ba ta ƙona mai daidai. Washegari muka je Apo, bakanike ya kwance, ya samu fulogi sun tsufa, ya canja su, fitila ta mutu. Kawu ya dube ni ya ce, "Wannan ɗan abin ne ya gano?"

Kada wani ya ce min tsohuwar mota ba ta da kwamfuta. Tana da ita. Akwai ƙwaƙwalwar inji, akwai na'urar da ke hana tashi sai da makullinta. Bambancin shi ne ƙwaƙwalwar ba ta magana da kowa a waje, ba ta jiran sabuntawa, kuma shekara ashirin da wani abu masu sha'awa a faɗin duniya suna tona cikinta suna rubuta abin da suka gani kyauta a intanet. Kusan babu matsalar da za ta taso maka wadda wani bai riga ya ɗauki bidiyon gyaranta ba.

Sabuwar ma tana da kafar OBD-II, kuma za ta ba ka lambobin inji. Amma a bayan wannan kafa akwai ƙananan kwamfutoci gommai, na fitila, na ƙofa, na rufi, na giya, na allo, duk suna hira da juna. Ko batir ka canja a BMW ta zamani, sai an sanar da motar ta na'ura cewa sabo ne, in ba haka ba za ta ci gaba da yi masa caji irin na tsoho. Wannan kam akwai manhajar waya da ke yi. Wasu sassan kuwa sai an ɗaura su da lambar motar kafin su yi aiki, kamar yadda iPhone ke ƙorafi idan an sa mata allon da ba ta sani ba. Tun tsakiyar 2020 aka ƙara kulle ƙwaƙwalwar wannan injin, har masu Supra da Z4 da ke son taɓa saitinta suka riƙa cire ta suna aika wa wasu 'yan tsirarun ƙwararru a Turai su buɗe. Motar da dillali ya kawo 'yar 2021 ce.

Kamfanoni na da hujja, kuma ba ta banza ba ce. A 2015 wasu masana tsaro biyu, Charlie Miller da Chris Valasek, suka shiga wata Jeep Cherokee ta intanet daga gida, suka hana ta ci gaba da gudu tana tsakiyar babbar hanya da ɗan jaridar mujallar Wired a ciki. Sai da Fiat Chrysler ta kira motoci miliyan 1.4 gyara. Duk wanda ya ga haka zai so a kulle. Matsalar ita ce makullin da ya hana ɓarawo shi ne ya hana mai mota. Shi ya sa a 2020 masu zaɓe a jihar Massachusetts, kusan uku cikin huɗu, suka amince da dokar da ta ce dole a ba mai mota da bakaniken da ya zaɓa damar ganin bayanan motarsa. Su suna da akwatin zaɓen da kamfanin mota ke tsoro. Bakaniken Apo ko na Ƙofar Ruwa ba shi da wannan.

Maganar bayanan sirri ma ba zan tsallake ta ba, tunda a wannan shafi kullum muna gargaɗi a kan manhajojin da ke neman izinin ganin lambobin wayarka. A watan Satumban 2023 gidauniyar Mozilla, masu Firefox, ta duba kamfanonin mota 25 ta fuskar sirri, babu ko ɗaya da ya tsallake, kuma ta ce ba ta taɓa bincikar rukunin kaya da ya kai motoci muni ba. Z3 ɗin Kawu ba ta san sunansa ba, balle inda ya kwana.

Sai man fetur. Sabon injin kai-tsaye yake fesa mai cikin silinda da matsi mai tsanani, kuma mai kyau yake so. Duk wanda ya tuna gurɓataccen man da aka shigo da shi Najeriya a watan Fabrairun 2022, mai sinadarin methanol fiye da ƙima, ya san abin da ya yi wa injinan mutane. Tsohon inji ma ba ya son mugun mai, amma abin da zai lalata masa na da sauƙin samu da sauƙin kuɗi. Kuma tunda motocin tokumbo da dama daga wuraren gwanjon motocin da suka yi haɗari ko suka sha ambaliya suke fitowa, na ce wa Kawu ko da zai saya, ya karɓi lambar jikin motar mai harafi 17 ya bincika tarihinta a Carfax kafin ya ƙirga ko naira ɗaya. Ruwa a cikin mota mai kwamfutoci gommai ciwo ne da ba ya bayyana sai bayan an biya kuɗi.

To amma akwai hujja ɗaya da ba ni da amsarta, kuma ba zan ɓoye ta don in ci muhawara ba. Ita ce rai.

Mutanenmu na son cewa motar da ƙarfe ce, ta yanzu gwangwani. A 2009 cibiyar binciken haɗurra ta kamfanonin inshorar Amurka, IIHS, ta gwara Chevrolet Bel Air 'yar 1959 da Chevrolet Malibu 'yar 2009 gaba da gaba. Bidiyon na YouTube, je ka kalla. Tsohuwar mai "ƙarfe" ta murƙushe har cikin wurin zaman direba, sabuwar kuwa gabanta ya lotse amma ɗakin direba ya tsaya. Lotsewar da muke rainawa da gangan aka tsara ta, don mota ta shanye dukan maimakon ƙirjinka. Z3 ba 'yar 1959 ba ce, tana da jakar iska a gaba da birkin da ba ya kullewa, amma tsakaninta da Z4 akwai shekara ashirin na ci gaba a irin ƙarfen da ake amfani da shi da yadda ake tsara jiki. Tsarin ƙafafunta na baya ma daga BMW ɗin shekarun 1980 aka ɗauko shi, kuma mota ce mai tura kanta da tayoyin baya. A jiƙaƙƙen titi, idan ka taka totur a kwana ba da lissafi ba, bayanta zai iya zamewa ya riga gaba. Na'urar da ke gyara irin wannan zamewa da kanta ta zama dole a duk sabuwar mota a Amurka tun samfurin 2012. A nan, kwamfutar da nake ta kuka da ita ita ce mai ceton rai.

Don haka da Z3 ita ce motar Kawu ɗaya tilo, da ita yake bin hanyar Abuja zuwa Kaduna duk mako, da ban ce ya riƙe ta ba. Da na ce ya rabu da ita gobe, amma ba don Z4 ba, don mota mai kujera biyar da kowane bakanike ya san cikinta. Sai dai yana da irin wannan motar, da ita yake zuwa aiki. Z3 ta yammacin Asabar ce, a titin da ya sani, da gudun da bai kai a yi maganar doki 382 ba. A wane titi ma za a saki wannan ƙarfi? Abin da yake nema a wannan awa ɗaya, wato ƙarar inji, da kulochi a ƙarƙashin ƙafa, da iska a fuska, tsohuwar na ba shi cikakke. Abin dariya ma, lokacin da Z4 ɗin nan mai silinda shida ta fito babu mai giyar hannu, sai a 2024 aka ƙara ta saboda masu saye sun dage. Wato zai sayar da fili, ya rasa abin da wasu ke bin layi su samu.

Wani abu kuma da na ja masa kunne a kai, kada ya riƙe ta da sunan jari. Ka ji labarin Supra mai ruwan lemo ta fim ɗin The Fast and the Furious da aka yi gwanjonta dala 550,000 a 2021, sai ka ɗauka duk tsohuwar mota zinariya ce. Ba haka ba ne. An ƙera Z3 kusan dubu ɗari uku, ba ta yi ƙarancin da zai sa farashinta ya tashi sama ba. Abin da kawai za a iya cewa shi ne ta gama faɗuwa, ita kuwa 'yar 2021 yanzu take kan gangara. Kuma riƙe ta na da nasa kuɗin: roba na bushewa, filastik na tsagewa a zafinmu, wasu sassan sai an yi oda a jira makonni. Amma ana samunsu. Mazda ta fara shirin sabunta tsohuwar MX-5 a Japan a 2017, Toyota ta koma ƙera wasu sassan tsohuwar Supra a 2020, BMW na da sashen kayan tsofaffin motoci. Ƙaramin filastik da ya ɓace ma, yanzu ana iya buga shi da na'urar 3D. Ƙarfe da roba ana sake ƙera su. Sabis ɗin da kamfani ya kashe, ban taɓa jin an dawo da shi don mutum ɗaya a Abuja ba.

Kafin in tafi na rubuta masa abin da zai yi da ɗan kaɗan daga cikin kuɗin cikon. A canja famfon ruwa da lagireto da duk robobinsu gaba ɗaya, domin nan ne sanannen raunin injinan BMW na wancan zamani, kuma zafi sau ɗaya ya isa ya kashe inji. A ɗaga shimfiɗar but a duba ƙarfen ƙasa, inda masu silinda shida kan tsage. A duba lambobi huɗu na ƙarshe a jikin taya, biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. Nasa 2316 suka nuna, wato mako na 23 a 2016, ga zanensu kamar sababbi amma robar ta ƙandare. Wannan ya fi ba ni tsoro fiye da fitilar injin. Sai 'yar na'urar Bluetooth don kiɗa da amsa kira, da mariƙin waya, da kyamarar gaban mota. Taswirar da ke wayarsa ta fi ta kowace mota sabunta, kuma ranar da wayar ta tsufa, wayar zai canja.

Ya karanta takardar sau biyu, ya ninke ya sa a aljihu, ya ce, "To, Allah Ya yi maka albarka. Bar min wannan ɗan abin naka."

Na bar masa. Shekaranjiya ya turo min hoton sababbin tayoyi a WhatsApp, ƙarƙashinsa kuma wani hoton na Z4 ɗin, da saƙon murya cewa dillalin ya rage wani abu a cikon.